Kwalin Nikel Na Dala Ɗari: Kalar Tsofaffin Sulalla A Bankunan Amurka

A yawancin bankunan Amurka, mai asusun ajiya yana iya zuwa gaban kanta ya miƙa dala ɗari ya ce a ba shi kwalin nikel. Nikel ita ce kwandalar santi biyar. Kashiya za ta shiga ciki ta fito da ɗan kwali wanda sai an sa hannu biyu ake ɗaukarsa. Cikinsa ƙunshi hamsin ne, kowane ƙunshi kwandala arba'in a naɗe cikin takarda mai shuɗin zane. Jimla kwandala 2,000, kowacce nauyin giram biyar, wato kilo goma cif ban da kwalin. Don masu shaguna aka tanadi wannan hidima, su samu canjin da za su ba masu saye. Amma akwai wasu mutane, ba su da shago ba su da kanti, da kan karɓi irin wannan kwali a kai a kai, su kai gida, su farke ƙunshin ɗaya bayan ɗaya a kan tebur, su duba shekara da harafin da ke jikin kowace kwandala, su ware 'yan ƙalilan, sauran su mayar banki a ba su kuɗinsu.

Aikin ya fi kama da kala a gonar da aka gama girbe wa: masu gona sun kwashe amfani tuntuni, abin da ya rage shi ne wanda ya zube ba a lura ba. Tambayar da wannan nazari ke bi ita ce, yaya aka yi kwandalar da aka buga a 1941 take yawo har yau a cikin kwalin banki, alhali takwarorinta na santi goma da santi 25 na wannan shekara sun ɓace daga hannun jama'a fiye da shekara hamsin? Sai kuma tambaya ta biyu wadda masu wannan sha'awa ba su cika son a yi musu ba, wato wa ke biyan kuɗin ɗawainiyar.

Me ya sa sai nikel

Har zuwa 1964, kwandalar santi goma da ta santi 25 da ta rabin dala duk azurfa ce kashi 90 cikin ɗari. Da farashin azurfa ya tashi, sai Dokar Sulalla ta 1965 ta cire ta gaba ɗaya daga santi goma da santi 25, ta rage ta rabin dala zuwa kashi 40. Ranar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa dokar hannu, cikin watan Yulin wannan shekara, ya ja kunnen masu niyyar ɓoye tsofaffin, ya ce baitulmali na da azurfa jibge, ba wata riba da za su ci. Jama'a suka yi kunnen uwar shegu da shi. Gane tsohuwa daga sabuwa ba ya buƙatar ilimi: gefen sabuwa na da jan layin jan ƙarfe, gefen tsohuwa fari ne tas, ƙararsu ma idan sun faɗi a kan kanta ba ɗaya ba ce. Cikin 'yan shekaru aka tsince azurfar kakaf. Santi ɗaya ita ma an sauya bayanta a 1959, aka cire zangarniyar alkama, saboda haka tsohuwar na faɗa wa ido nan take a ɗauke ta.

Nikel ce kaɗai ba ta sauya ba. Tun 1866 haɗinta ɗaya ne, jan ƙarfe kashi 75, ƙarfen nikel kashi 25, in ban da shekarun yaƙi da za mu zo kansu. Fuskar Thomas Jefferson da Felix Schlag ya zana, wadda ta ci gasar da aka yi a 1938, ta zauna a gaban kwandalar shekara sittin da 'yan kai kusan ba a taɓa ta ba, gidansa na Monticello kuma yana bayanta. Kwandalar 1941 da ta 1991 in ka jera su, launi ɗaya, girma ɗaya, nauyi ɗaya, injin sayar da lemo ba ya bambanta su, mai kanti ma haka. Ƙarfen kuma yana da tauri, yana jure shekaru a aljihu. Abin da ya tsare tsohuwar nikel a kasuwa shi ne ba wanda ya ga dalilin kallonta sau biyu. Duk abin da aka san yana da daraja an riga an kwashe shi, mai kala yana rayuwa ne a kan abin da mutane suka raina.

Al'adar duba nikel kuwa tsohuwa ce a ƙasar. A shekarun 1930, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu, wani dillalin sulalla na Fort Worth a jihar Tekzas, B. Max Mehl, ya cika jaridu da rediyo da talla cewa zai biya dala 50 ga duk wanda ya kawo masa nikel ta 1913 mai hoton kan mace da ake kira Liberty. Guda biyar kacal aka sani a duniya, kuma dukkansu suna hannun masu tarawa, ba ɗaya da ke yawo a kasuwa. Mehl kundin farashinsa yake sayarwa, kuma ya sayar. Amma ya koya wa miliyoyin mutane juya kwandala su karanta shekara. Ɗaya daga cikin biyar ɗin an yi gwanjonta a 2018 a kan dala miliyan 4.56. Wanda ya ɗauki kwali yau da fatan cin karo da ta shida, gara tun wuri ya nemi wata sana'a.

A kan tebur

Tun kafin a farke ƙunshi, mai gwaninta ya fara karanta kwalin. Ƙunshi iri biyu ne. Akwai wanda inji ya naɗe a rumbun kamfanonin motocin sulke masu dakon kuɗi, irin su Brink's da Loomis, bakinsa a murɗe tsaf, ana hango kwandalar ƙarshe ta kowane gefe. Akwai kuma wanda wani mai asusu ya naɗe da hannu a gida ya kawo banki. Na hannu shi ake rububi, domin yana iya zama daga tulun wani tsoho da ya shekara arba'in yana jefa canji a ciki, ya rasu, magada suka kwaso suka kai banki ba tare da sun duba ba. Ta wannan ƙofa tsofaffin sulalla suke komawa kasuwa, shi ya sa kalar ba ta ƙarewa. Abin ba daɗin ji, amma gaskiyar ita ce mafi yawan abin kirkin da ake tsinta kayan mamaci ne da magada ba su san darajarsa ba. Na hannu kuma shi ne ke zuwa da giɓi, a ƙirga a ga talatin da tara, ko a tarar da kwandalar wata ƙasa a tsakiya.

Ranar da ba sa'a, ana buɗe kwali a ga duk bakin ƙunshin na walƙiya, shekara ɗaya, sabbi fil daga ma'aikata. Irin wannan ko farke shi ba a yi, sai a mayar.

Idan kwalin gauraye ne, sai a farke takarda a zube kwandalolin a tafin hannu a tsaye, a fara duba gefensu. Wadda gefenta ya yi duhu, toka-toka mai ɗan kore, ita ake fara zarowa. Daga nan a shimfiɗa su a bi ɗaya bayan ɗaya. Kayan aikin ba su da yawa: fitila mai haske, gilashin ƙara girma, mayen ƙarfe, ɗan sikeli mai auna giram, da 'yan kofuna na warewa. Ido na neman abu biyu, shekara da harafin ma'aikatar da ta buga. D na Denba, S na San Faransisko, P na Filadelfiya. Daga 1938 zuwa 1964, in ban da na shekarun yaƙi, harafin ɗan ƙarami ne a baya, gefen dama na ginin, Filadelfiya kuma ba ta sa komai. Daga 1965 zuwa 1967 babu harafi ko kaɗan. A 1968 ya dawo, amma a gaba kusa da shekara, Filadelfiya kuwa sai 1980 ta fara sa nata a kai a kai. San Faransisko ta daina buga nikel ta kasuwa bayan 1970. Saboda haka wadda ke da S kuma shekararta ta wuce haka, irin ta musamman ce mai sheƙi kamar madubi da ake sayar wa masu tarawa a cikin akwatin roba, wani ya fasa ya kashe ta. Ana cin karo da su jefi-jefi.

Shekarar da ke ba kowa haushi ita ce 1964. Ido ya hango 19 da 6, zuciya ta ɗan buga, sai a ga 4. Tsakanin Filadelfiya da Denba an buga nikel mai wannan shekara kusan biliyan 2.8. Dalili shi ne ƙarancin canji da aka yi fama da shi a lokacin, wanda hukumar buga kuɗi ƙarƙashin Eva Adams ta ɗora wa masu tarawa da masu ɓoye sababbin ƙunshi alhakinsa. Majalisa ta ba da izinin a ci gaba da buga 1964 har bayan shekarar ta wuce, don kada ta yi wa kowa kwarjini, cire haruffan ma'aikata na shekara uku ma daga wannan fushi ya fito. Shi ya sa da yawa suke yanka layinsu a 1959 ko 1960: abin da ya girmi haka a ajiye, abin da bai kai ba a mayar.

A jihohin da ke iyaka da Kanada, kamar Mishigan, nikel ɗin Kanada na shigowa cikin ƙunshi. Mayen ƙarfe ke kama ta, domin ta 1955 zuwa 1981 kusan zallar ƙarfen nikel ce, ta Amurka kuwa ba ta mannewa. Wasu tsofaffin na Kanada masu kusurwa goma sha biyu ne, ana jin su a yatsa kafin ido ya gani.

'Yar yaƙi

Waccan mai duhun gefe ita ce abin nema na farko. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarfen nikel ya zama kayan yaƙi, da shi ake ƙarfafa sulken tankoki da jiragen ruwa. A 1942 majalisa ta ba da izinin cire shi daga kwandalar santi biyar. Daga Oktoban wannan shekara zuwa ƙarshen 1945 aka buga ta da jan ƙarfe kashi 56, azurfa kashi 35, manganis kashi 9. Ba don ado aka zaɓi wannan haɗi ba. Ƙasar cike take da injinan sayar da kaya da wayoyin tarho na kan titi masu karɓar nikel, kuma injinan na gwada yadda ƙarfe ke amsa wa lantarki da maganaɗisu don su tofar da jabu. Sai da aka nemo haɗin da injin zai karɓa a matsayin nikel.

Don a iya tsince su bayan yaƙi, aka sa musu babban harafi a saman ƙubbar Monticello. A nan ne P ya fara bayyana a jikin kuɗin Amurka. Wannan harafi shi ne hujja, ba shekara kaɗai ba, domin a 1942 an buga iri biyu: ta farkon shekara ta Filadelfiya marar harafi da ta Denba mai ƙaramin D a gefen gini ba azurfa a cikinsu. Sababbin shiga sukan yi murna da 1942-D a banza. Idan aka haɗa shekaru da ma'aikatu, 'yan yaƙi iri goma sha ɗaya ne, jimlarsu kimanin miliyan 870. Wadda ta fi yawa ita ce 1943-P, sama da miliyan 270, wadda ta fi ƙaranci kuma 1943-D, miliyan 15 da 'yan kai.

Gwamnati ba ta bi su ta tsince ba kamar yadda aka yi niyya. Masu narka azurfa sun kwashi kaso mai yawa a shekarun 1960 da kuma lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabi a 1979 da 1980, amma sun fi kwaɗayin mai kashi 90, domin raba azurfa da manganis aiki ne mai wahala, matatu kan biya ƙasa da kima a kanta. Ga shi kuma tsohuwar 'yar yaƙi ba ta da kyan gani, baƙi-baƙi take kamar wadda aka tono daga kwata, wani lokacin fatarta na ɓarewa saboda haɗin bai gauraya sosai ba. Muninta ya taimaka mata ta tsira. A kowacce akwai azurfa giram 1.75, wato 0.056 na oza, ma'aunin da ake sayar da azurfa da shi. Idan oza tana dala 30, azurfar cikinta ta kusa dala 1.70, ninki talatin da wani abu na santi biyar ɗin da aka biya. A baki lissafin na da daɗi. A aikace, masu yi suna cewa kwali ya ba da ɗaya ko biyu, wani kwalin ko ɗaya babu.

Darasin 1950-D

Duk wanda ya sayi shuɗin kundin kwali mai ramuka na kamfanin Whitman, wanda ake cusa kowace shekara a raminta, ya san ramukan da ke daɗewa a buɗe: 1938-D, 1938-S, 1939-D, 1939-S, da 1950-D. Ta ƙarshen ita ce mafi ƙarancin bugu a duk nikel ɗin Jefferson da aka yi don kasuwa, guda 2,630,030. Amma labarinta ya saɓa wa hankali, kuma shi ne ya fi bayyana yadda wannan harka take.

Tun a shekarar aka san adadin ya yi kaɗan. Dillalai da 'yan kasuwa suka bi bankuna suka saye ta jaka-jaka, ƙunshi-ƙunshi, kafin ta shiga hannun jama'a. Farashinta ya yi ta hawa har farkon shekarun 1960, lokacin da cinikin sababbin ƙunshi ya zama kamar caca, sannan ya faɗo ya bar waɗanda suka saya a ƙarshe da cizon yatsa. Sakamakon shi ne har yau sabuwa fil, wadda ba ta taɓa shiga aljihu ba, tana nan birjik a shagunan dillalai a kan 'yan daloli, amma a cikin kwalin banki kusan ba a ganinta. Wadda ta goge da yawo ta fi sabuwa wuyar samu. Ita kuwa 1939-D, wadda aka buga miliyan uku da rabi, ba a yi mata irin wannan rububi ba, ta shiga kasuwa ta sha hannu, don haka sabuwarta ta fi ta 1950-D tsada nesa, tsohuwarta kuma takan faɗo cikin ƙunshi wani sa'in. Ƙarancin bugu kaɗai ba ya yanke farashi, sai an san nawa aka ɓoye da kuma a wane hali.

An sake ganin irin wannan a 2009. Tattalin arziki ya durƙushe, mutane suka fasa asusun gida suka kai canji banki, buƙatar sababbin sulalla ta faɗi, aka buga nikel ƙasa da miliyan 40 a Filadelfiya da ƙasa da miliyan 47 a Denba, alhali a shekarun da suka gabata ɗaruruwan miliyoyi ake yi a kowace ma'aikata. Labari ya bazu a intanet nan da nan, aka tare su tun daga bakin banki. Mai kala na iya ganin 1940 sau da yawa kafin ya ga 2009 sau ɗaya.

Mai ɓauna, da jabun da ya fi na gaske tsada

Kafin Jefferson akwai mai ɓauna, 1913 zuwa 1938, zanen James Earle Fraser: kan wani ɗan asalin ƙasar a gaba, ɓaunar daji a baya. Ita ba ta ɓuya, ko yaro ya gan ta ya san daban take, shi ya sa samunta a kwali ya fi na 'yar yaƙi wuya, kuma kusan ko yaushe daga tulun gida ta fito kwanan nan. Aibinta shi ne an ɗora shekarar a kan kafaɗar mutumin, wuri mai tudu da yatsa ke gogewa. Da yawa suna zuwa sumul, ba shekara. Akwai wani ruwan sinadari mai cin ƙarfe da ake ɗigawa a wurin, lambobin su fito dishi-dishi, domin ƙarfen da ke ƙarƙashinsu ya bambanta da na kewaye wajen matsewa tun ranar bugu. Yana barin tabo, kuma dillali na ganin tabon zai karya farashi. A ganina babu laifi a ɗiga wa wadda ta riga ta rasa shekara, tunda ba abin da za ta ƙara rasawa. Laifin shi ne wankewa ko goge wadda ke da shekararta don ta yi ƙyalli. Wannan kashe ta ne, masu saye sun fi son dattin shekara tamanin a kan sheƙin jiya.

A wannan jeri ne ake da 1937-D mai ƙafa uku. Wani ma'aikaci a Denba ya goge tambarin bugu da ya samu rauni, ya zarce har ya shafe ƙafar gaba ta ɓaunar, kofato ya rage a ƙasa ba ƙafa. Ko tsohuwa ce tana kai ɗaruruwan daloli, shi ya sa 'yan damfara suke kankare ƙafar lafiyayyiya su kawo. A jerin Jefferson ma akwai irin waɗannan kurakurai da ake sa gilashi dominsu: 1939 mai rubutun MONTICELLO ninki biyu, 1943-P da ake hango 2 a ƙarƙashin 3, 1954 mai S a kan D, 1955 mai D a kan S, da 2005-D, shekarar da aka sa ɓauna a bayan kwandalar, wadda wani layi ya ratsa bayan ɓaunarta kamar mashi. A nan ne ilimi ke raba mutum biyu da suka buɗe kwali iri ɗaya. Wanda bai san su ba zai mayar da su banki da hannunsa.

Sai kuma Francis Henning na Erial a jihar New Jersey, mutumin da ya zauna ya buga jabun santi biyar, abin da ko a lokacin ya ba mutane mamaki. Kuskurensa shi ne ya buga 1944 ba tare da babban harafin saman ƙubba ba, kuma babu nikel ta gaske ta 1944 da ba ta da shi. Masu tara sulalla ne suka fara lura a 1954, kafin hukuma ta gamsu. Da ya ji ana nemansa ya zubar da dubbai a ruwa ya gudu, aka kama shi a 1955 aka ɗaure. Ya buga wasu shekarun ma, da yawansu kuma ana gane su da ɗan rami a ƙafar harafin R na kalmar PLURIBUS da ke bayan kwandalar, sannan sun ɗan fi giram biyar nauyi. Waɗanda suka shiga kasuwa ba a gama tsince su ba. Yau masu tarawa na biyan jabun Henning kuɗin da ya ninka na 1944 ta gaske sau da yawa.

Lissafi, da wanda ke ɗaukar nauyi

A ce mutum na ba kowace kwandala daƙiƙa uku. Kwandala 2,000 sun ci minti ɗari, ban da zuwa banki, da jiran layi, da sake naɗewa, da man mota. Abin da kwali na yau da kullum ke bari a kofi shi ne 'yan tsiraru na shekarun 1940 da 1950 waɗanda dillali ba zai biya fiye da 'yan santoci a kansu ba, wataƙila 'yar yaƙi ɗaya, in an yi sa'a mai ɓauna marar shekara. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa tun 2009, kuma galibin kwalaye ba sa biyan ko awa ɗaya a wannan farashi. Tura kwandala kamfanonin tantancewa irin su PCGS ko NGC, su ba ta maki a ma'aunin 1 zuwa 70 su rufe ta a roba, na cin gomman daloli, abin da kusan duk tsintuwar kwali ba ta kai ba. Masu neman azurfa don kuɗi sun fi karkata ga kwalin rabin dala na dala 500, ko da yake shi ma an tatse shi. Abin da nikel ke da shi wanda sauran ba su da shi shi ne mutum na iya cika kusan dukan kundin Jefferson daga 1938 a kan santi biyar-biyar, in yana da haƙuri. Jarin kuma ba ya narkewa, dala ɗarin da aka kai ita ake dawowa da ita, ban da abin da aka ware. Bidiyoyin YouTube da ke nuna ana farke ƙunshi ana ihu ba sa nuna kwalaye goman da aka buɗe ba a samu komai ba.

Saura kwandala dubu ɗaya da ɗari tara da wani abu, kilo goma ba kaɗan, dole su koma. Ƙa'idar da masu yi suka gindaya wa kansu ita ce banki biyu: inda ake ɗauka daban, inda ake zubarwa daban. Dalili na farko kada a maido maka da kwalin da ka riga ka tace. Na biyu kada ka gajiyar da kashiya ɗaya da ɗauka da sauke. Duk da haka, tunda bankunan gari ɗaya sau da yawa rumbu ɗaya ke yi musu hidima, abin da ka zubar a nan yana iya zagayowa ta can. Wasu na ɗiga wa kwandala fenti ko tawada don su gane ta in ta dawo, wasu kuma na ganin wannan ɓata kuɗin jama'a ne, kuma ina tare da na biyun. Injinan Coinstar da ke manyan kantuna na karɓar canji, amma suna cire sama da kashi goma cikin ɗari in kuɗi kake so, wanda ya haɗiye duk ribar kwalin har da ƙari.

Banki kuwa biya yake yi. Kamfanin motar sulke na cajin kawowa, yana cajin kwashewa, yana cajin ƙirgawa da naɗewa. Mai asusun da ke juya dala ɗari duk mako ba ya kawo wa reshen ko santi. Ribarsa ta 'yan daloli tana fitowa ne daga hidimar da wani ya biya, kuma manajoji sun gane. Rassa da yawa sun cire injinan ƙirga canji, wasu sun sa kuɗi a kan odar kwali ko sun taƙaita ta ga asusun 'yan kasuwa. A tsakiyar 2020, da annobar korona ta tsayar da zagayawar canji har Babban Bankin Amurka ya koma raba sulalla da ƙiyasi, bankuna da dama sun rufe wannan ƙofa gaba ɗaya na wani lokaci. Shi ya sa tsofaffin hannu suke lallaɓa ma'aikatan kanta, su zo lokacin da ba cunkoso, su kawo ƙunshi a ƙirge daidai, wani lokacin har da ɗan kwalin alawa. Kashiyar da ta san ka ita ce za ta ajiye maka ƙunshin hannu da wata tsohuwa ta kawo da safe.

Akwai kuma doka. A ƙarshen 2006, da farashin jan ƙarfe da nikel ya sa ƙarfen cikin kwandalar ya fi santi biyar, hukumar buga kuɗi ta haramta narka santi ɗaya da santi biyar da fitar da su ƙasar waje da yawa. Hukuncin ya kai tarar dala 10,000 ko ɗaurin shekara biyar, matafiyi kuma ba zai fita da fiye da na dala biyar a aljihu ba. An keɓe 'yan yaƙi daga haramcin narkawa. Ajiyewa kuwa ba laifi ba ne, har wani mai juya dukiya na Tekzas, Kyle Bass, ya sayi nikel miliyan ashirin, na dala miliyan ɗaya, ya jibge yana jiran ranar da za a sauya ƙarfen.

Ranar ba ta yi nisa kamar da ba. A shekarar kuɗi ta 2024, buga nikel ɗaya da rarraba ta ya ci wa gwamnati santi 13.78, santi ɗaya kuma ta ci 3.69. An buga santi ɗaya ta ƙarshe ta kasuwa a Filadelfiya cikin Nuwamban 2025, kuma in kantuna suka koma daidaita canji zuwa biyar-biyar, nikel ce za ta ɗauki nauyin, ga shi asarar da ake yi a kanta ta fi ta santi ɗayan da aka daina bugawa. Hukumar buga kuɗi ta daɗe tana gwada haɗe-haɗe masu araha, amma sauya ƙarfen sai majalisa ta yarda, kuma masu injinan sayar da kaya na adawa da duk haɗin da zai sa su sake saita injinansu. Idan sabuwar ta fito da launi ko nauyi ko gefen da ido zai iya bambantawa, jama'a za su samu dalilin duba canjinsu kamar yadda suka samu a 1965, kuma wannan karon ba 1941 kaɗai za a ware ba, har da 1964.